Scrivener da tauraro mai zurfin ciki: inda take taimako da inda take ɓata aiki

Gajeren labari mai kalmomi 3,000 zuwa 5,000 ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman. Word ta isa, biro da takarda ma sun isa. Amma akwai wani nau'in labari da yake ba marubuta wuya fiye da yadda tsawonsa ya nuna, wato labarin mutumin da kaɗaici ke ci, yana so a matso kusa da shi, kuma duk wanda ya matso sai ya san dabarar da ya yi ya zille masa. A kan irin wannan labarin kaɗai aka auna Scrivener, manhajar rubutu da tsara littafi, a nan. Wajen gyaran zubi na biyu da na uku tana da amfani ƙwarai. Wajen zubin farko ba ta fi kowace manhajar rubutu ba. Akwai kuma ɓangarenta guda da zai iya kashe labarin tun ba a fara shi ba.

Kamfanin Literature & Latte na Ingila ne yake yin ta. Keith Blount, wanda ya ƙirƙiro ta, malamin makaranta ne da ya koya wa kansa haɗa manhaja don ya samu abin da zai tsara littafinsa a ciki. Ta fara fitowa a kan Mac a 2007, ta zo Windows a 2011, sannan iPhone da iPad a 2016. Fitowa ta uku, wadda ake magana a kanta a nan, ta zo Mac a 2017, Windows kuma sai 2021. Sau ɗaya ake saye, ba a biyan kuɗin wata-wata, sai dai lasisin Mac daban, na Windows daban, na waya daban. Babu ta a Android ko kaɗan, saboda haka wanda yake rubutunsa a wayar Android wannan sharhin bai shafe shi ba sai ranar da ya koma kwamfuta. Duk rubutun da ke jikinta babu na Hausa.

Kafin a shiga cikin manhajar, sai an fahimci dalilin da ya sa wannan tauraron yake da wuyar sha'ani. A 1981 masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Perlman da Letitia Anne Peplau, sun bayyana kaɗaici a matsayin giɓin da ke tsakanin hulɗar da mutum yake so da wadda yake samu. Ga marubuci, ma'anar ita ce mutumin da ke zaune shi kaɗai kuma hakan bai dame shi ba, ba shi da labari. Sai mai karatu ya hango son kusancin tukuna. Tun a 1973 Robert Weiss ya raba abin gida biyu: rashin jama'a, da rashin mutum guda da za a iya buɗe wa ciki. Na biyun ne ya fi dacewa da gajeren labari, domin ana iya cika shi da mutane kuma tauraron ya zauna a tsakiyarsu ba kowa a tare da shi. Binciken John Cacioppo na Jami'ar Shikago da Louise Hawkley ya ƙara wani abu mai muhimmanci. Kaɗaicin da ya daɗe yana sa mutum ya zauna cikin shirin a ƙi shi. Yana saurin hango raini a inda babu, sai ya ja baya, mutane su ga ya ja baya su ma su ja, shi kuma ya ce ai da ma ya faɗa.

To, wannan zagayen ne labarin. Ana miƙo hannu, ana kaucewa, ana sake miƙowa. A gajeren labari fitowa biyar zuwa takwas kawai kake da su, kuma kura-kuran da ake yi biyu ne kusan kullum. Ko dai tauraron ya yi ta kaucewa ta hanya ɗaya har mai karatu ya gaji da shi, ko kuma marubuci ya kasa haƙuri ya fito ya yi bayanin abin da ke damunsa. Na farkon ba a ganinsa a cikin jimla ɗaya ko shafi ɗaya, sai an jera fitowar duka an dube su daga nesa. Wannan aikin ne Scrivener ta fi Word iyawa.

Allon katuna da teburin tsari

Buɗe sabon aiki, ka zaɓi rukunin ƙagaggen labari, ka ɗauki samfurin gajeren labari. Liƙa zubinka na farko gaba ɗaya a fayil guda. Sa alamar rubutu a farkon kowace fitowa ka danna Ctrl+K, ko Cmd+K a Mac. Kowane dannawa yana yanke rubutun gida biyu, sabon yankin ya bayyana a jerin gefen hagu. Labari mai fitowa shida, dannawa biyar ke nan. Kowane yanki yana zuwa da katinsa, kuma idan ka zaɓi jakar labarin ka koma allon katuna za ka gan su a jere.

Yawancin mutane taƙaitaccen abin da ya faru suke rubutawa a katin. Ga irin wannan labarin hakan ɓata wuri ne. Abu uku kawai katin yake buƙata: wa ya miƙo hannu, me ya yi tayi, ta yaya aka kauce. Mu ɗauki misalin da aka ƙaga don wannan sharhin. Hajara tana aikin dare a ɗakin gwaje-gwaje, ta yi shekaru tana jinyar mahaifiyarta ita kaɗai, dangin da suka yi alkawarin taimako ba wanda ya leƙo. Katin farko: sabuwar maƙwabciya, Larai, ta zo aron caja, Hajara ta miƙa mata ta bakin ƙofa ta ce ta riƙe kawai, ba sai ta dawo da ita ba. Na biyu: ƙanwarta ta kira, ta mayar da zancen raha. Na uku: abokin aiki ya yi tayin rage mata hanya, ta ce akwai inda za ta biya, alhali babu. Na huɗu: Larai ta dawo da cajar duk da haka, har ta shigo ɗaki, ba a ba ta wurin zama ba. Na biyar: ɗan Larai ya kwana da zazzaɓi, Hajara ta kwana a kansa, da safe Larai ta ce ta zama 'yar uwa, Hajara ta nemi laifi ta ɗora mata.

Duba katin farko da kyau. Kyautar da ta yi rufe ƙofa ce, domin wanda aka ce masa ba sai ya dawo da abu ba an hana shi dalilin dawowa. Irin wannan kaucewar ita ce mai daraja a labari, kuma katin yana tilasta maka ka faɗa wa kanka ita a fili. Idan ka kasa cika gurbi na uku a wani kati, fitowar ba ta aikin komai, ko a cire ta ko a haɗe ta da maƙwabciyarta.

Mataki na gaba ya ɗan fi wuya amma shi ne ribar manhajar. A cikin saitin aikin akwai wurin ƙirƙirar naka ginshiƙan bayani, kuma sukan zo iri huɗu: rubutu, akwatin sa alama, jerin zaɓi, da kwanan wata. Ƙirƙiri jerin zaɓi guda ka kira shi "garkuwa", ka zuba masa hanyoyin kare kai: raha, fakewa da aiki, hidima, ƙaramar ƙarya, shiru, neman laifi, riga yanke hulɗa. Ƙirƙiri na biyu ka kira shi "kusanci", daga 0 zuwa 5, inda 0 yake nufin ba a ko haɗa ido ba, 5 kuma an taɓa abin da ke ciwon. Koma teburin tsari, wato jadawalin da yake jera fitowar layi-layi, ka buɗe waɗannan ginshiƙan biyu tare da na adadin kalmomi. Aikin minti goma sha biyar ne ga wanda ya san wurin, ga sabon shiga ya kan kai awa guda saboda saitin a ɓoye yake.

Abin da teburin yake fallasawa ba daɗi. Sau da yawa za ka ga "shiru, shiru, shiru" a jere, domin shiru shi ne abin da ya fi sauƙin rubutawa. Ko ka ga kusanci yana tafiya 2, 2, 2, 2 sannan ya yi tsalle zuwa 5 a fitowar ƙarshe, wanda shi ne dalilin da ya sa masu karatu suke cewa ƙarshen ya zo musu kwatsam. Tsarin da ya fi aiki shi ne kusancin ya riƙa hawa, garkuwar kuma ta riƙa ƙara muni tare da shi: raha tana wadatar da Hajara a mataki na 2, amma a mataki na 4 sai ta ji wa wani ciwo kafin ta tsira. Ginshiƙin kalmomi shi ma yana magana. Idan fitowar da take zaune ita kaɗai tana tunani ta kai kalmomi 900, wadda Larai ta shigo ɗaki kuma 300, an juya labarin kai ƙasa. A gaban mutane ake ganin kaɗaici sosai, ɗakin da ba kowa ba ya nuna shi.

Takardar bayanin tauraro

Ga ɓangaren da ya kamata a yi hattara da shi. Samfurin yana zuwa da takardar bayanin tauraro mai gurabe: rawarsa a labari, sana'arsa, siffar jikinsa, ɗabi'unsa, tarihinsa, rikicin da ke cikin ransa, rikicinsa da waje. Ga doguwar ƙagaggiyar hikaya mai taurari ashirin tana da amfani, tana hana ka manta launin motar wani. Ga tauraro mai zurfin ciki guba ce. Marubuci ya zauna ya cika gurbin tarihi da kalmomi 600 masu kyau, ya cika na rikicin rai da jimloli masu taɓa zuciya, sannan ya ji asara ce ya bar su a takardar da ba mai gani. Sai su fara yoyo cikin labarin, sakin layi a nan, tunani a can, kafin ka ankara Hajara ta zama mace mai yi wa mai karatu lacca a kan raunukanta.

Abin da ya ceci lamarin shi ne takardar fayil ce kamar kowane, tana cikin jakar samfura, ana iya goge gurabenta a rubuta wasu. Tambayoyi biyar sun fi waɗancan amfani. Wace tambaya ce ba za ta taɓa amsawa ba? Me take faɗa a madadin amsar? Me take yi da hannuwanta a lokacin? Wane abu take yi a ɓoye da ke nuna tana son mutane? Wane labari take ba kanta don ta ga ita ce mai gaskiya? Asalin ciwon kuma a rubuta shi a layi uku, a ajiye a wurin rubuta tuni na gefen dama, wanda ba ya fita tare da labarin. A cikin labarin kansa jimla biyu ko uku sun ishe shi, bayan an wuce rabi, kuma ya fi kyau ya fito daga bakin wani, ƙanwar misali, ita kuma Hajara ta basar.

Hasken zance

A cikin kayan rubutu da ke ƙarƙashin jerin gyara akwai wani maɓalli da yake dusashe duk rubutun ya bar maganganun da ke cikin alamar zance kaɗai suna haske. A Windows iyakarsa ke nan. A Mac yana iya haska sunaye ko aikatau ko sifofi, amma wannan ya dogara da harsunan da Mac ta sani, ga rubutun Hausa kada a sa rai. Zancen kaɗai ya isa, domin mai kare kansa a magana ake kama shi. Zaɓi fitowar duka, ka sa su su bayyana a jere kamar rubutu ɗaya, ka kunna hasken, ka karanta abin da tauraron ya faɗa kawai daga farko zuwa ƙarshe.

Zubin farko yakan fito da abu kamar haka: "Wallahi ƙanwata, tun rasuwar Mama nake jin duniya ta juya min baya, shi ya sa ba na yarda da kowa." A tsakiyar siffantawa jimlar tana iya wucewa. Da aka haska ta ita kaɗai sai ka ga macen da ta iya faɗin wannan ba ta da zurfin ciki, labarin ya ƙare a nan. Gyararren ya fi kama da wannan:

"Yaya, lafiyarki kuwa? Muryarki ba ta yi min ba."

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Yaya, ke nake tambaya."

"Wayar nan ce, tun da ta faɗi take mayar da ni tsohuwa. Tarin Abba ya sake shi?"

Abubuwa uku ake dubawa a ƙarƙashin hasken. Sau nawa ta amsa tambaya da tambaya, kuma ko ya yi yawan da zai zama salon marubuci maimakon halinta. Tsawon maganarta idan zancen na wasu ne da tsawonta idan nata ne. Ya kamata bambancin ya fito fili, mai hira ce sosai a kan tarin Abba, a kan kanta kuma kalma biyu. Na uku, wa yake rufe kowace hira. Idan ita ce take rufewa a fitowa huɗu, ranar da ta bar wani ya rufe mai karatu zai ji wani abu ya motsa ko da ba a faɗa masa ba.

Sharaɗin shi ne sai kana amfani da alamar zance. Wanda yake buɗe magana da karan ɗori, ko ba ya sa alama sam, maɓallin ba zai gane masa komai ba. Mai rubutu da Hausa kuma ya yi amfani da alama mai baki biyu ga magana, ya bar mai baki ɗaya ga kalmomi irin su 'ya da 'yan. Manhajar tana lanƙwasa alamar da kanta, kuma idan ta zo a farkon kalma tana ɗaukarta buɗe magana ce ta juya ta baibai. A kashe wannan a saitin gyaran atomatik, a kashe mai duba kuskuren rubutu ma, tun da ba shi da ƙamusun Hausa, in ba haka ba shafin duka jan layi zai zama.

Farautar bayani

Labarin zuciya a tambayi fuska. Kalmomin da suke tambayar zuciyar kai tsaye sanannu ne: kaɗaici, kewa, tsoro, fargaba, "ta ji", "a ranta", "ta tuna", "domin kuwa". Binciken aikin gaba ɗaya yana karɓar kalmomi da yawa a lokaci guda idan aka zaɓi ya nemo kowace daga cikinsu, kuma ana iya ajiye binciken ya zama tari na dindindin da yake sabunta kansa duk lokacin da aka buɗe shi. Jimloli masu kalma biyu kamar "ta ji" sai an neme su daban a matsayin jimla guda, in ba haka ba zai kawo maka kowace "ta" da ke labarin. A wurin ƙididdiga kuma akwai jerin yawan maimaita kalmomi. Ka tuna "kaɗaici" da "kadaici" kalmomi biyu ne a wurinta, saboda haka wanda yake gauraya haruffa masu lanƙwasa da marasa ita sai ya nemi duka biyun.

Ma'auni mai tsauri amma mai amfani: a labari mai kalmomi 4,000, kalmar "kaɗaici" ta fito sau ɗaya ko kada ta fito. "Ta ji" da ke biye da sunan wani yanayi na zuciya kada ta wuce uku.

Kafin ka fara yanka, danna Ctrl+5, ko Cmd+5 a Mac. Wannan yana ɗaukar hoton rubutun yadda yake a wannan lokacin ya ajiye a gefen dama, ana iya ba shi suna, ana iya komawa gare shi, kuma akwai maɓallin kwatantawa da yake nuna abin da aka cire da abin da aka ƙara da launi daban-daban. Amfaninsa ga wannan aikin ya fi na fasaha kawai. Jimlolin bayani su ne galibi waɗanda marubuci ya fi so, kuma ya fi iya yanke su idan ya san suna nan a ajiye. Ga fitowa ta huɗu kafin yanka: "Hajara ta ji wani irin kaɗaici ya lulluɓe ta. Tana so ta ce wa Larai ta zauna, amma tsoron kada a sake juya mata baya kamar yadda danginta suka yi ya hana ta." Ga ta bayan yanka: "Larai ta dubi kujerar. Hajara ma ta dube ta. Kayan da ke kai an ninke su tun makon jiya. 'Yanzu nake shirin gyara wurin,' in ji Hajara, ba ta motsa ba. 'Ba komai Anti, da ma a tsaye nake,' Larai ta ce, ta ajiye cajar a kan kayan."

Hoton na fayil ɗaya ne kawai, kuma rubutu kaɗai yake ɗauka. Katin, ginshiƙan da jerin fitowar ba sa ciki. Wanda zai sauya tsarin labarin, ko zai gwada mayar da shi daga "ta" zuwa "na", ya kwafi jakar gaba ɗaya ya ajiye kwafin a wajen jakar labarin. Gwajin ya cancanci wahalar: idan Hajara ce take ba da labarin da bakinta, kare kan yana komawa tsakaninta da mai karatu, sai ta riƙa ba da dalilai masu kyau da suka yi yawa, mai karatu ya kama ta ta nan. Raba allo gida biyu ka ajiye zubi biyun gefe da gefe. Haka ma fitowar farko da ta ƙarshe, a ajiye su tare a ga ko wani abu ya canza a yadda take tsayawa a bakin ƙofa.

Akwai haɗari a wannan yankan wanda manhajar ba za ta gargaɗe ka a kansa ba. Idan aka kwashe duk bayani ba a sa komai a gurbinsa ba, abin da ya rage mace ce mai girman kai kawai, kuma mai karatu zai watsar da ita a shafi na biyu kamar yadda maƙwabta za su yi. Kowace fitowa ko kowace biyu tana buƙatar ɓaraka guda, wato wani ƙaramin abu da ke nuna son da take ɓoyewa: ta san lokacin da Larai take dawowa daga aiki, ta sake sauraron saƙon muryar ƙanwarta, ta sayi sabuwar caja irin wadda ta kyautar ta bar ta a leda. Ƙara akwatin sa alama a teburin ka kira shi "ɓaraka". Idan fitowa uku suka wuce a jere ba alama, an yi sanyin da ya wuce kima. Idan kowace fitowa tana da biyu ko uku, an koma bayani ta ƙofar baya. Teburin yana ƙirga maka su, amma ko cajar da ke cikin leda ta taɓa zuciya ko ta yi kama da dabara, wannan sai mutum ya karanta ya faɗa maka.

Wahalhalun da suka rage na fitar da aiki ne. Harhaɗa fitowar zuwa fayil ɗaya shi ne wurin da kowa yake kuka da Scrivener, kuma da gaskiyarsu, domin tsarin nau'in sashe da shimfiɗar sashe an yi shi ne don littattafai masu babi-babi. Ga gajeren labari kada ka taɓa komai: ɗauki tsarin da samfurin ya zo da shi, ka tabbatar an sa alamar cire sharhohi da bayanan cikin layi, ka duba cewa kwafin gwajin ba ya cikin jerin abin da za a harhaɗa. Buɗe PDF ɗin ka nemi ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kowane nau'in haruffa yake da su ba, kuma idan babu sai a aro su daga wani nau'in su fito daban da sauran. Charis SIL, Gentium da Noto Serif duk suna da su.

Edita kuma a Word zai yi maka gyara. Mutum biyu ba sa aiki a kan aiki ɗaya a lokaci guda a Scrivener, kuma dawo da gyaran edita ciki aikin hannu ne, saboda haka daga ranar da labarin ya tafi wurinsa gara ka ƙarasa a Word. Aikin kansa jaka ce mai ƙananan fayiloli da yawa, ba fayil ɗaya ba. Dropbox, ma'ajiyar fayil ta intanet, ne hanyar haɗa shi da iPhone ko iPad, kamfanin da kansa ya gargaɗi mutane a kan ajiye aikin da ake kai a Google Drive, kuma buɗe shi a na'ura ta biyu kafin ta farko ta gama aikawa yana haifar da kwafi masu karo da juna. Tana adana rubutu da kanta bayan daƙiƙa biyu da daina bugawa, tana kuma yin ajiyar ko-ta-kwana duk lokacin da aka rufe aiki, amma guda biyar na ƙarshe kawai take riƙewa sai an ƙara adadin a saiti. Wanda ya buɗe ya rufe sau biyar yana neman abin da ya ɓata, ya share ajiyar da take ɗauke da shi. Ta waya ba ta kai ta kwamfuta kayan aiki ba, tarin bincike da ginshiƙan da ka ƙirƙira ba sa bayyana a can, wato rabin abin da aka lissafa a sama aikin kwamfuta ne.

Wanda yake rubuta labari ɗaya ko biyu a shekara zai iya yin yawancin wannan da katuna shida na takarda, alƙalami mai launi da binciken Word, ya rasa hasken zance da kwatanta hotuna kawai. Wanda yake haɗa tarin gajerun labarai shi ne zai ci riba sosai, domin idan labarai goma suna cikin aiki ɗaya teburin zai nuna masa cewa taurarinsa bakwai duk da shiru suke kare kansu. Gwajin kyauta na kwana 30 ne, kuma kwanakin da ka buɗe ta kaɗai ake ƙirgawa, ba na kalanda ba. Kada a ƙone su wajen zubin farko. A gama labarin a wani wuri, a bar shi ya kwana biyu, sannan a shigo da shi a fara da Ctrl+K.